Haƙƙin aure da haihuwa ga masu farfaɗiya da shanyewar jiki

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci lafiya da cuta, ya sanya kowace ɗayansu jarrabawa ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wasu bayin Allah da muke tsayawa sahu ɗaya da su a masallaci, amma idan maganar aure ta taso sai a tsallake su kamar ba su nan. Muna nufin masu ciwon farfaɗiya, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da waɗanda suka ji rauni a lakar gadon baya, da waɗanda shan-inna ta taɓa tun suna yara. Waɗannan duka cututtuka ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu yana da sha'awa irin ta kowane ɗan Adam, yana son zuriya, kuma shari'a ba ta cire shi daga cikin waɗanda aka kwaɗaitar da su aure ba. Abin da ya fi rusa gidajen irin waɗannan mutane shi ne ɓoye ciwon kafin aure da barin magani bayansa. Za mu yi bayani a fili gwargwadon yadda ladabi ya yarda, domin matan Ansar sun sami yabo a kan cewa kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba.

Na farko: mece ce farfaɗiya?

Ƙwaƙwalwa tana aika saƙonni zuwa gaɓoɓi ta hanyar wani motsi mai kama da na lantarki. Idan wannan motsi ya rikice na ɗan lokaci, sai mutum ya faɗi yana karkarwa, ko ya ƙura ido bai san inda yake ba, ko wani sashe na jikinsa ya riƙa fizga. Idan haka tana maimaituwa, ita ce farfaɗiya. Daga cikin sabubbanta da aka sani akwai wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya hau kai, da sanƙarau irin wanda ya yi annoba a Nijar a 1995 da 2015, da buguwar kai a haɗarin mota ko kabu-kabu. Akwai kuma waɗanda ba a gano sababin tasu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu faɗuwa idan an gane ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau, ko ta kumfar baki, ko ta cin abinci a ƙwarya ɗaya, ko ta kwanciyar aure. Masu tafsiri sun ambata, a ƙarƙashin aya ta 61 ta Suratun Nur, cewa akwai waɗanda suke jin nauyin cin abinci tare da makaho da gurgu da majinyaci, sai Allah ya ɗauke wannan ƙunci. To yaya Musulmi zai ware wa ɗiyarsa kwano da moɗa saboda ciwon da ba ya yaɗuwa?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas labarin wata mata baƙar fata da take faɗuwa, tufafinta su yaye. Ta nemi addu'a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa bayyana, kuma aka yi mata. Ibnu Abbas ya nuna ta ga almajirinsa Aɗa'u a matsayin mace daga cikin ƴan Aljanna. Ba a kore ta daga cikin jama'a ba, kuma abin da ya fi damunta shi ne suturarta. Wannan hadisi bai hana neman magani ba, domin umurni da yin magani ya tabbata a wasu hadisan. Addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne ga kowane majinyaci, sai dai kada su zama dalilin ajiye ƙwayoyin likita.

Na biyu: kafin a ɗaura aure

Malaman mazhabar Imamu Malik sun buɗe babi a kan aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure. Risalar Ibnu Abi Zaid ta lissafa hauka, da kuturta, da albaras, da ciwon da ke hana saduwa. Muhtasar na Shaihu Halil ya faɗaɗa bayanin, kuma masu sharhinsa sun shigar da faɗuwa mai gusar da hankali a ƙarƙashin wannan babi, ko da sau ɗaya take zuwa a wata. Sai dai a lura da sharuɗɗan da suka gindaya. Zaɓin yana faɗuwa idan ɗayan ya san da ciwon kafin ɗaurin aure, ko ya sani daga baya ya yarda, ko ya ci gaba da kusantar abokin zamansa bayan ya sani. Idan ana fatan waraka, ana jinkirta hukunci shekara ɗaya domin a yi magani. Ciwon da ya sami mace bayan an ɗaura aure kuwa ba ya ba miji damar mayar da ita ga iyayenta da sunan aibi, jarrabawa ce da ta sauka a gidansa. Yanke hukunci a kan waɗannan duka aikin alƙali ne, ba na dangi masu fushi ba.

Abin da za mu fahimta a nan shi ne, shari'a ba ta haramta auren mai farfaɗiya ba. Ta kare haƙƙin wanda za a aura ne kada a yaudare shi. Saboda haka waliyyin da ya ɓoye ciwon ɗiyarsa, ya hana ta shan magani a gidan miji don kada asiri ya tonu, ya cuce ta sau biyu: ya jefa rayuwarta cikin haɗari, kuma ya gina aurenta bisa abin da zai rushe ranar da ta faɗi a gaban dangin miji. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka ma saurayin da ya ɓoye nasa ciwon ga yarinya da iyayenta. Wanda aka tambaya shawara game da mai neman aure kuma ya faɗi abin da ya sani bai yi giba ba, domin Manzon Allah ya bayyana wa Faɗimatu ɗiyar Ƙaisu halin waɗanda suka nemi aurenta. Amma a faɗa wa wanda abin ya shafa kaɗai, ba a kai shi majalisa ba.

Mafi kyau shi ne masu niyyar aure su tafi wurin likita tare da waliyyi, a bayyana musu irin ciwon, da maganin da ake sha, da tsawon lokacin da aka yi ba a faɗi ba. Game da gado, mafi yawan ƴaƴan masu farfaɗiya ba su samun ta, musamman idan sababinta sanƙarau ne ko buguwar kai. Inda ake buƙatar ƙarin shawara shi ne auren zumunci a zuriyar da ciwon ya bayyana ga mutane da yawa ta ɓangarorin biyu.

Muna kuma jan kunne a kan wata magana da ta yaɗu, wai aure yana warkar da farfaɗiya. Babu wannan a ilimin likita, babu shi a fiƙihu. Aurar da yarinya ƙarama da wannan niyya yana ƙara mata nauyin ciki a kan nauyin ciwo.

Na uku: zaman aure da kusantar iyali

Da wuya ƙwarai saduwar aure ta tayar da farfaɗiya. Abubuwan da suka fi tayar da ita su ne tsallake magani, da rashin barci, da zazzaɓi, da kayan maye. Wasu mata kuma faɗuwarsu tana yawaita a kusa da kwanakin haila saboda sauyin sinadaran jiki. Mace mai lura da haka ta riƙa ƙirga ranakun, kamar yadda take ƙirga su domin salla, ta kai wa likita.

Wasu magungunan farfaɗiya, kamar fenobarbital wanda aka fi sani da Gardénal, da karbamazefin wanda aka fi sani da Tégrétol, suna iya rage sha'awa ko raunana mazakuta. Tsoron faɗuwa da baƙin cikin da ciwon ke jawowa su ma suna yin haka. Namijin da ya ga wannan kada ya yanke magani da kansa, domin yankewa farat ɗaya tana iya kawo faɗuwa mai tsawo wadda ke kashewa. Kada kuma ya nufi masu tallar maganin ƙarfin maza a tasha da kasuwa. Taramol, wanda wasu ke sha don jinkirta inzali, yana jawo faɗuwa ko ga mai lafiya, balle mai farfaɗiya. Ya koma ga likitansa ya faɗi damuwarsa, domin ana iya daidaita maganin ko a sauya shi. Hanin da ya zo a kan yaɗa sirrin shimfiɗa bai shafi abin da aka faɗa wa likita don larura ba.

Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Wajibi ne miji ko mata su san abin yi idan faɗuwa ta zo: a janye mutum daga wuta da ruwa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta a gefensa, a suturta shi. Ba a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, ba a ɗura masa ruwa ko rubutu, ba a turara masa hayaƙi, ba a danne shi. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a kai shi likita nan take. Bayan ya farfaɗo zai sabunta alwala, domin gushewar hankali tana warware ta.

Na huɗu: ciki da haihuwa da shayarwa

Fiye da kashi 90 cikin 100 na mata masu farfaɗiya suna haihuwar ƴaƴa lafiyayyu. Amma tun ran gini tun ran zane: shiri yana farawa ne watanni kafin ɗaukar ciki, domin lakar jariri da tushen ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa a cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san tana da ciki ba. Shi ya sa likitoci ke ba da ƙwayar asid folik tun kafin ciki ya shiga.

Magungunan ba ɗaya suke ba wajen haɗari ga ɗan tayi. Wanda ya fi haɗari shi ne balporowat, wanda ake sayarwa da sunan Dépakine. Kimanin jarirai 10 cikin 100 da uwayensu suka sha shi da ciki ana haihuwarsu da tawaya a halitta, alhali a sauran jama'a 2 zuwa 3 ne cikin 100, kuma 30 zuwa 40 cikin 100 suna samun jinkirin magana ko fahimta. Saboda haka ne ƙasashen Turai suka tsaurara dokar ba da shi ga mata masu shekarun haihuwa a 2018. Fenobarbital shi ma yana da nasa haɗarin, ko da yake bai kai wancan ba. Waɗanda aka samu sun fi sauƙi su ne lamotirijin da lebetirasetam, sai dai sun fi tsada, ba a samun su ko'ina, kuma ƙarfinsu yana raguwa a jini yayin da ciki ke girma, don haka ana buƙatar likita ya riƙa bibiya.

Duk da wannan bayani, macen da ta wayi gari da ciki tana shan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna kada ta ajiye shi. Faɗuwa mai ƙarfi tana yanke wa ɗan tayi iska, tana iya jawo ɓari, tana iya halaka uwar. Ta ci gaba da sha, ta hanzarta zuwa likita a cikin kwanakin. Mai gida shi ne abin tambaya a nan, domin izinin fita da kuɗin magani suna hannunsa. Haka kuma idan Ramadan ya zo, a tambayi likita ko ana iya mayar da lokutan sha zuwa sahur da buɗa-baki. Idan ya ce akwai haɗari, rangwamen da Allah ya yi wa majinyaci da mai ciki ya ishe ta.

A bambanta farfaɗiya da jijjigar masu ciki. Mace da ba ta taɓa faɗuwa ba, sai ta fara bayan ciki ya wuce wata biyar, ko wajen naƙuda, ko a kwanakin jego, musamman da ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi, wannan hawan jini ne na ciki, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Akwai allurar da ake yi masa a gidan haihuwa. Duk mai cikin da ta faɗi a kai ta likita ba tare da jiran kowa ba.

Mai farfaɗiya ta haihu a gidan haihuwa, ta tafi da maganinta, ta sha shi a kan lokaci ko tana naƙuda. Mafi yawansu suna haihuwa da kansu. Shayarwa ta halatta kuma ana son ta, sai dai mai shan fenobarbital ta lura ko jariri yana yawan barci ko kasa tsotso. Ta shayar tana zaune a tabarma, kada ta yi wa jariri wanka ita kaɗai, kada ta goya shi ta tsaya bakin murhu ko bakin rijiya. Wankan jego da tafasasshen ruwa kuma kada a bar ta ita kaɗai a kansa. Dangi su karɓar mata renon dare a wasu ranaku, domin rashin barci yana dawo da faɗuwa.

Na biyar: tazarar haihuwa

Malamanmu sun halatta azalu da yardar matar aure, kuma a kansa ne malaman wannan zamani suka yi ƙiyasin hanyoyin jinkirta ciki na ɗan lokaci, musamman idan akwai larurar lafiya. Mace da ake son sauya mata magani kafin ta ɗauki ciki tana cikin masu larura. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Fenobarbital da karbamazefin da fenitoyin suna sa hanta ta ƙone ƙwayoyin tazara da ake sha kullum da sauri, haka ma abin da ake sanyawa ƙarƙashin fatar damtse, sai mace ta ɗauki ciki tana zaton ta kiyaye, har zargi ya shiga tsakaninta da mijinta. Allurar wata uku da abin da ake sanyawa cikin mahaifa su ba su raunana da waɗannan magunguna. Saboda haka mace ta nuna wa unguwarzomar asibiti takardar maganinta kafin a zaɓa mata hanya.

Na shida: shanyewar ɓarin jiki, raunin laka da shan-inna

Shanyewar ɓarin jiki tana zuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma babban sababinta hawan jini ne. Wanda ya tashi daga wannan ciwo yakan ji tsoron kusantar iyalinsa, ita ma takan ji tsoron kada ta zama sanadin dawowarsa. Idan jini ya daidaita kuma likita ya yarda, haɗarin kaɗan ne. Ma'aurata su zaɓi lokacin da jiki ya huta da yanayin da ba ya nauyaya ɓangaren da ya shanye. Kada a bar maganin hawan jini saboda ya rage ƙarfi, a nemi a sauya shi. Macen da ta taɓa samun wannan ciwo ba a ba ta ƙwayoyin tazara masu sinadarin estorojin, domin suna ƙara daskarewar jini.

Mace da ta ji rauni a lakar baya hailarta takan ɗauke na wasu watanni sannan ta dawo, kuma tana iya ɗaukar ciki. Sai dai tana iya kasa jin zafin naƙuda, kuma idan raunin yana sama, wajen tsakiyar ƙirji ko fiye, jininta yana iya hawa farat ɗaya lokacin haihuwa. Irin wannan ciki na babban asibiti ne, kamar gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, ko cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na Maraɗi da Damagaram da Tawa. Namiji kuwa raunin laka yakan taɓa miƙewar gaba da fitar maniyyi, kuma akwai taimakon da likitoci ke iya yi wa wasunsu. Shan-inna ba ta taɓa jin jiki ko haihuwa. Abin dubawa shi ne ƙugun mace, domin idan ya karkace ana iya buƙatar a yi mata aiki a ciro jariri. A 2005 da 2006 hukumar Nijar ta zartar da ɗauke kuɗin wannan aiki da na awon ciki.

Wanda aka ɗaura masa aure ya kasa saduwa tun farko, mazhabarmu ta ba shi shekara ɗaya ya nemi magani. Wanda kuma ciwo ya same shi bayan an zauna, matar da ta yi haƙuri da shi tana da lada mai girma, wadda ta ji tsoron fitina ga kanta kuma tana da damar kai kukanta ga alƙali, ba a zaginta. Aya ta 21 ta Suratur Rum ta ambaci natsuwa da soyayya da jinƙai a tsakanin ma'aurata, kuma waɗannan suna wanzuwa ko da ƙarfin jiki ya ragu.

Na bakwai: abin da ke kan jama'a

Yarinyar da take faɗuwa ko ba ta iya gudu ko hankalinta bai cika ba, ita ce miyagun mutane suka fi hara. Iyaye kada su aike ta talla ita kaɗai, kuma kada su bar ta a ɗaki da wani namiji da sunan ruƙiyya ko cire iska. Keɓewa da wadda ba muharrama ba haramun ce ga malami kamar yadda take ga kowa. Idan an ci zarafinta, a kai ta likita cikin kwana uku na farko, domin akwai rigakafin da ke aiki a cikinsu kaɗai, kuma a kai ƙara gaban hukuma.

Nijar ta yi dokar lafiyar haihuwa a 2006, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Amma doka ba ta sayen ƙwaya a ƙarshen wata. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne a ƙasarmu, kuma tafiya wurinsu tana cin kuɗi. Muna kira ga kwamitocin masallatai su sanya maganin irin waɗannan majinyata cikin abin da ake kashe sadaka da zakka a kansa idan mabuƙata ne, domin wata ɗaya babu magani yana iya rushe lafiyar shekara. Muna kira ga limamai masu ɗaura aure su tambayi waliyyan ɓangarorin biyu a keɓe ko akwai ciwon da ya kamata a sani. Muna kuma kira ga mazan da ke karanta wannan darasi su karanta wa iyalansu a gida, domin rabin abin da ke cikinsa nasu ne.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya sanya ciwonsu kaffara, ya azurta su da abokan zama na gari da zuriya mai albarka. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.